Kafin Ki Ci Bashin Taki, Duba Ganye

'Yan'uwa mata, bari in fara da abin da ya same ni. Wani rani na karɓi rance daga asusun ƙungiyarmu, na yi lambun tumatir da tattasai a bayan gida. Tumatir ya fara 'ya'ya, sai na ga gindinsu yana baƙi yana lotsawa kamar an ɗana musu garwashi. Na ce ai yunwa ce, na kwashi sauran kuɗin na sayo yuriya na zuba. Ganye ya yi kore shar, ruɓa kuwa ta ƙaru. Da ƙyar na biya bashin nan. Sai daga baya malamin gona ya nuna mini cewa yunwar shuka iri-iri ce, kuma kowace da alamarta.

Abu na farko, ki duba inda matsalar ta fara: ganyen ƙasa ne ko na sama? Dalili kuwa, akwai abincin da shuka ke iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo, kamar yadda uwa ke hana kanta ta ba yaro. Akwai kuma wanda ba ta iya kwashewa, sai sabon toho ya fara jigata.

Idan ganyen ƙasa ne ya fara:

Ganye ya yi rawaya gaba ɗaya, shuka ta tsumbure, alayyafo ya ƙi faɗi. Wannan ƙarancin nitirojin ne. A nan ne yuriya ko ruɓaɓɓen kashin kaji ke aiki.

Bayan ganye da kara sun yi ja-ja mai duhu kamar ruwan zoɓo, shuka ba ta girma. Ƙarancin fosfaras ke nan. Sanyin hunturu ma yakan jawo shi ga ƙananan dashe. Takinsa tun wajen gyaran ƙasa ake sa shi.

Bakin ganye ya bushe zagaye kamar wuta ta lashe shi, 'ya'ya ba sa cika. Wannan fotash ne ya yi kaɗan. Tokar murhu tana taimakawa, amma 'yar kaɗan, a barbaɗa.

Jijiyoyin ganye suna nan kore, tsakaninsu ya yi rawaya. Ƙarancin maganiziyam ne, an fi ganinsa a ƙasa mai rairayi.

Idan kuwa na sama ne ya fara:

Sabon toho ya fito fari-fari ko rawaya, jijiyoyinsa kore. Sinadarin ƙarfe ne shuka ta kasa sha. Za ki gan shi a bishiyar lemo. Yawan toka da kwanciyar ruwa suna ƙara shi.

Gindin tumatir, tattasai ko kankana ya yi baƙi. To, wannan shi ne nawa. Kalsiyam ne bai kai ga 'ya'yan ba, kuma galibi laifin ban ruwa ne: yau a cika, gobe da jibi a bar ƙasa ta bushe. Yawan yuriya yana tsananta shi. Ki daidaita ban ruwa, ki rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa.

Amma fa ba kowane rawaya ne yunwa ba. Ki tuge shuka ɗaya ki duba saiwa. In kin ga ƙulli-ƙulli a saiwar tumatir ko kuɓewa, ko ta ruɓe tana wari, taki ba zai yi magani ba. Ki juya bayan ganye kuma. In ya nannaɗe ga ƙananan fararen ƙwari suna tashi, cuta ce, ki kira malamin gona.

Lambobi uku da ke jikin buhu, kamar 15-15-15, a jere suke: nitirojin, fosfaras, fotash. Yuriya kuwa nitirojin ne zalla, kashi 46 cikin 100.

Shawarata, kafin wata ta nemi rancen taki, ta tsinko ganye biyu, na ƙasa da na sama, ta kawo taron mako mu duba tare. In mun yi shakka, ta gwada a komi ɗaya, ta jira mako biyu ta ga yadda sabon ganye zai fito. Kuɗin asusun nan guminmu ne duka, kada mu zuba shi inda ba a bukata.

Allah ya sa albarka a noman rani.