John Coltrane: Mabushin da Ya Sauya Akalar Kiɗan Jaz

Jaz nau'in kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro, inda makaɗi kan ƙago sabon sauti nan take yana cikin wasa. Daga cikin fitattun masu wannan fasaha akwai John Coltrane, gwanin saksafon, wato abin busa na tagulla mai kama da algaita.

An haife shi a jihar North Carolina a 1926. A 1955 ya shiga ƙungiyar mabushin nan Miles Davis, amma shaye-shaye ya sa aka sallame shi a 1957. A wannan shekarar ya yi watsi da ƙwaya da giya, ya duƙufa ga gyara busarsa dare da rana. Daga nan ya fitar da faifan Giant Steps a 1960, sai A Love Supreme a 1965, wanda ya shirya domin godiya ga Ubangiji. Haka kuma ya nazarci kaɗe-kaɗen Indiya da na Afirka, har ya ƙulla abota da Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan Nijeriya.

Ciwon dajin hanta ne ya yi ajalinsa a 1967, yana da shekara 40. Har yau masu koyon jaz da Giant Steps suke auna ƙwarewarsu.