Bazara, randa da jikin mutum

A ƙasar Nijar, idan sanyin hunturu ya wuce, sai bazara ta shigo. Tana farawa cikin watan Maris, ta yi tsanani a Afrilu da Mayu, ba ta sauka sai ruwan sama ya zauna. A Yamai, da tsakar rana cikin watan Afrilu, ma'aunin zafi yakan nuna digiri 41 ko 42 a cikin inuwa. Wasu ranaku yakan kai 45. Kusan haka abin yake a Tawa, da Maraɗi, da Damagaram. A Agadas da Bilma kuwa, zafin ya fi ƙarfi daga baya, cikin Mayu da Yuni.

Me ke kawo wannan zafi? A wannan lokaci rana tana bi ta tsakiyar sama, daidai bisa kan mutane. Yaron da ya tsaya a fili da tsakar rana a ƙarshen Afrilu zai ga inuwarsa ta taru a ƙarƙashin ƙafafunsa. Babu girgijen da zai tare hasken. Ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙare, tafkuna da yawa sun ƙafe. A watan Agusta ma rana tana sake bi ta tsakiyar sama, amma a lokacin gajimare da ruwan damana suna rage kaifinta.

Tsofaffi sun saba da bazara tun suna yara. Duk da haka ba abin rainawa ba ce. Ranar 3 ga Afrilu 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, zafi ya kai digiri 48,5. A cikin waɗannan kwanaki mutane da yawa sun rasu a Bamako, galibinsu tsofaffi. Masu binciken yanayi sun nuna cewa duniya tana ƙara ɗumi, kuma irin waɗannan ranaku suna ƙara yawa a yankin Sahel.

Sirrin randa

A kusan kowane gida akwai randa a gindin itace ko a ƙarƙashin rumfa. Ruwan cikinta yana da sanyi ko da rana ta take. Amma ruwan da aka zuba a bido na roba, aka ajiye kusa da ita, yakan yi ɗumi har ba ya shayuwa. Ga shi kuwa rijiya ɗaya aka ɗebo su.

Bambancin yana jikin randar. Yumɓun da aka gina ta da shi yana da ƴan ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu a hankali, shi ya sa bayan randa kullum yake da damshi. Idan iska ta busa, sai damshin ya bushe, ya bi iska. Ruwa kuwa ba ya bushewa sai ya ɗauki zafi ya tafi da shi. Zafin da yake ɗauka na ruwan cikin randa ne. Roba ba ta da irin waɗannan ƙofofi, don haka zafin da ya shiga bido ba ya samun mafita. Salkar makiyaya ma da wannan dabara take sanyaya ruwa.

Kowane ɗan makaranta yana iya gwada wannan. Ya jiƙa bayan hannunsa ɗaya, ya bar ɗayan a bushe, sannan ya hura musu iska da baki. Hannun da aka jiƙa shi zai ji sanyi.

A shekarun 1990, wani malami a jihar Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara don adana kayan lambu. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da gauta da tattasai sukan yi kwanaki a ciki ba su ruɓe ba. Aikin ya samo masa lambar yabo ta duniya a shekarar 2000.

Jikin mutum randa ne

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, da sanyi da zafi. Idan ya haura sosai, ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda suna wahala. To, yaya jiki yake tsayawa a kan 37 alhali iskar waje ta kai 43? Yana yin abin da randa take yi. Fata tana da ƙofofi ƙanana masu yawan gaske. Zufa tana fitowa ta cikinsu, iska ta busar da ita, ta tafi da zafin jiki.

Amma randar da ba a ƙara mata ruwa, wata rana za a tarar da ita wayam. Fiye da rabin nauyin jikin mutum ruwa ne. Babban mutum mai aiki a rana, kamar magini ko mai tura kura, yana iya zubar da lita ɗaya ta zufa cikin awa ɗaya. Dole a mayar wa jiki abin da ya fita.

A nan ne yara suke yin kuskure. Yaro yana cikin wasan ƙwallo ko langa, ba ya tuna ruwa sai maƙogwaronsa ya bushe. Kafin a ji ƙishirwa mai ƙarfi, jiki ya riga ya yi asara. Abin da ya fi shi ne a sha ruwa kafin a fita gida, a riƙe gora ko buta zuwa makaranta, a riƙa sha kaɗan-kaɗan ko ba a ji ƙishirwa ba. Akwai hanya mai sauƙi ta sanin ko ruwan ya isa: a duba fitsari. Idan ya fito da yawa, kuma launinsa fari-fari ne, jiki ya samu ruwa. Idan ya fito kaɗan, ya yi duhu kamar shayi, jiki yana neman ruwa.

Zufa tana da ɗanɗanon gishiri, domin tana fita da gishirin jiki. Wannan kuwa abinci ne yake mayar da shi. Fura da nono, kunun tsamiya, zoɓo, kankana da mangwaro duk suna taimako. Sai dai a lura da tsabta. Ƙanƙarar da aka yi da ruwa marar kyau tana ɗauke da cuta, sanyinta ba ya kashe ƙwayoyin cutar. Abinci kuma yana saurin lalacewa da bazara. Ɗumamen da bai tafasa sosai ba yakan kawo zawo, zawo kuwa yana zubar da ruwan jiki fiye da zufa.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, shi ba a ba shi ruwa, ko da zafi ya kai ina. Kusan kashi 9 cikin 10 na nonon uwa ruwa ne, kuma mai tsabta. Uwa ce za ta ƙara shan ruwa, ta riƙa ba shi nono a kai a kai. Kakanni da yawa ba su yarda da wannan ba, suna ganin tausayi ne a ɗiga wa jariri ruwa a baki. Amma ta wannan ɗigon ne zawo yake shiga cikinsa.

Inuwa da iska

Ba mai ajiye randa a tsakiyar rana. Haka ma jiki. Daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 4 na yamma lokacin neman inuwa ne. Ɗebo ruwa, neman itace, aike da wasan guje-guje, a yi su da sassafe ko da la'asar sakaliya. Wanda fita ta zama masa dole, ya sa malafa ko rawani, ya sa takalmi, don yashi yana ƙona tafin ƙafa.

Ba kowace inuwa ce daidai ba. Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Dogon yaro, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya yake, yana riƙe ganyensa da rani, shi ya sa ake shuka shi a filayen makarantu da bakin hanyoyi. Gawo kuma abin mamaki ne: yana zubar da ganye da damana, ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da mutane da bisashe suke buƙatarsa. Ɗakin soro da ɗakin ciyawa sun fi ɗakin kwano sanyi da rana. Mota kuwa, idan aka rufe ta a rana, cikinta yana zama kamar tanda cikin ƴan mintoci. Ba a barin yaro a ciki ko da na ɗan lokaci ne.

Tufafi ma suna da nasu aiki. Farar riga mai faɗi ta auduga tana mayar da hasken rana, tana barin iska ta ratsa. Matsattsiyar riga ta leda tana riƙe zufa a jikin fata, ba ta barinta ta bushe, daga nan ƙurajen zafi suke fitowa. Wanka, ko shafa ruwa a fuska da wuya da hannuwa, yana yi wa jiki aikin zufa ba tare da ya yi asarar nasa ruwan ba. Amma wanka a tafki ko a kogi wani abu ne daban: akwai haɗarin nutsewa, akwai kuma tsargiya.

Idan zafi ya fi ƙarfin jiki

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya da murɗewar ƙafafu. Wanda ya ji haka ya daina abin da yake yi nan take. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa yana kurɓa a hankali. Idan yana zawo, a dama masa garin gishiri da sukari na gidan likita. Idan babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Kada gishirin ya wuce haka.

Idan kuwa jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya fara surutai marasa kan gado, yana tangaɗi, ko ya suma, to abin ya kai ga halaka. Zafin jikinsa ya wuce digiri 40. Wani lokaci ma zufar ta tsaya cik, fata ta bushe. Yaron da ya ga haka ya yi ihu ya kira manya. A zuba wa marar lafiyar ruwa a jiki duka, a yi masa fifita da mafici ko faifai, a ci gaba da haka har a kan hanyar zuwa gidan likita. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, don zai shaƙe. Ƙwayar maganin zazzaɓi ba ta saukar da irin wannan zafi.

Akwai kuma sanƙarau, wanda ya fi yaɗuwa da bazara. Ba rana ce take kawo shi ba, ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta numfashi. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki ɗaya kuma yana sauƙaƙa mata hanya. A 1995 da 1996 annobarsa ta kashe dubban mutane a Nijar da maƙwabtanta. A 2010 aka fara wata sabuwar allurar rigakafi wadda ta karya lagon nau'in da ya fi ɓarna a lokacin, amma a 2015 wani nau'in ya sake ɓarkewa a Nijar. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai da sanƙarewar wuya, waɗannan ba a jira da su sai gobe.

Da dare, bangon ɗaki yana fitar da zafin da ya sha da rana, shi ya sa iyalai suke fito da tabarmi da gadaje tsakar gida. Yana da kyau a yayyafa ruwa a ƙasa da magariba kafin a yi shimfiɗa, a kuma ɗaura gidan sauro. Kunama ma zafi yana fito da ita daga raminta. Wanda zai tashi cikin dare ya haska tocila kafin ya taka ƙasa, da safe kuma ya kakkaɓe takalminsa kafin ya sa ƙafa.