Katin Awon Ƙwaƙwalwa



Duk uwar da ta taɓa kai jariri awo ta san katin nan mai layuka masu hawa sama. A ɗora yaro a sikeli, malamar asibiti ta ɗiga alama, ta ce yana tafiya daidai ko ya yi baya. Ita ƙwaƙwalwa ba ta samu cikakken kati irin wannan ba sai a 2022. A shekarar ne Richard Bethlehem na Jami'ar Kambirij a Ingila da Jakob Seidlitz na Jami'ar Fensilbaniya a Amurka, da tarin abokan aikinsu, suka haɗa hotunan ƙwaƙwalwa na na'urar MRI kusan 124,000 na mutum sama da 100,000, tun daga ɗan tayi har tsoho mai shekara 100, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature.

Abin da katin ya nuna ya ba ni mamaki. Ɓawon ƙwaƙwalwa na waje, mai launin toka, inda ƙwayoyin tunani suke cunkushe, yana kai ƙarshen yawansa ne yaro na da shekara 6 ko kusa da haka, wato lokacin shiga firamare. Daga nan sai raguwa a hankali. Farin sashen da ke can ƙarƙashinsa kuwa, wanda yake kamar wayoyin da ke kai saƙo daga wannan lungu zuwa wancan, yana ci gaba da ƙaruwa har mutum ya kusa 29. Bayan an haura 50, shi ma sai ya kama gangara da sauri.

Da za a jera muku hoton ƙwaƙwalwar saurayi da ta kakansa, za ku gane da ido. Ta saurayin ta cika ƙoƙon kai taf, ninkin da ke jikinta a matse, kamar ɗanyar gyaɗa a kwasfarta. Ta kakan ta ɗan ja baya, tsagogin sun buɗe, ramukan ruwan da ke tsakiya sun faɗaɗa. Kuma lafiyarsa ƙalau, shi ne ma ake kira idan za a raba gardama a gida. Sashen goshi, mai tsara al'amura, yakan riga sauran raguwa, na ƙeya mai kula da gani ya fi jurewa.

Sai batun maza da mata, inda na san za a yi musu a majalisa yau. Gaskiya ne, a tsakaitawa ƙwaƙwalwar namiji ta fi ta mace girma da kamar kashi 10 cikin 100, kamar yadda kansa da jikinsa suka fi nata. A ƙarni na 19, likitan Faransa Paul Broca ya auna ƙwaƙwale a sikeli, ya ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa mata ba su kai maza basira ba. Ya yi kuskure, kuma kuskuren ya cutar da mata. A 2018 Stuart Ritchie da abokansa a Jami'ar Edinbara sun duba mata 2,750 da maza 2,466 a Birtaniya. Suka tarar ta maza ta fi girma, amma ɓawon ta mata ya fi kauri, kuma akwai mata da yawa da tasu ta fi ta maza da yawa girma. Albert Einstein ma, da ya rasu a 1955 aka auna tasa, giram 1,230 ce, ba ta kai ta yawancin maza ba.

Amfanin katin yana hannun likita. Akwai wani ɗan lanƙwasasshen sashe da ake kira hifokamfas, mai adana sabbin abubuwan da muka gani ko muka ji. Yana raguwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara ga tsofaffi masu lafiya, amma a cutar mantuwa ta Alzheimer raguwar ta zarce haka nesa. Idan likita bai san na daidai ga mace mai shekara 70 ba, yaya zai gane wanda ya wuce kima? Mu kuma a gida, da Baba ya fara manta sunan 'ya'yansa sai mu ce gigin tsufa ne, mu zuba ido. Don Allah a kai shi a duba. Hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba suna gaggauta wannan raguwa. A wani gwaji da Kirk Erickson ya wallafa a 2011 kan tsofaffi 120, waɗanda suka yi shekara guda suna tattaki sau uku a mako hifokamfas ɗinsu ya ƙaru da kamar kashi 2 cikin 100.

Abin da ke damuna shi ne wanda masu katin da kansu suka amsa: yawancin hotunan na Turawa ne da mutanen Arewacin Amurka. Na Afirka kaɗan ne ƙwarai, domin na'urar tana da tsada, kuma a manyan birane kawai ake samunta. Likitan da ke duba hoton tsohuwa a Kano ko Damagaram, da ma'aunin tsofaffin wata nahiya zai gwada ta, har zuwa ranar da jami'o'inmu za su tara namu.