Dabarun Masunta na Hana Fatsa Ɓata a Ruwa a Yankin 'Yankara

1.0 Gabatarwa

Su yana ɗaya daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Hausawa, kuma idan aka ambace shi hankalin jama'a yakan tafi ga Sarkawan Kabi da Yawuri, masu taru da manyan jirage. Amma akwai wani rukuni na masunta wanda ba a cika kulawa da shi ba, watau manoman da kan ɗauki fatsa bayan an kau da amfanin gona, domin su sami na cefane. Irin waɗannan su ne suka fi yawa a kudancin Katsina. Jarinsu bai wuce sanda da zare da 'yan ƙugiyoyi ba, saboda haka duk ranar da ruwa ya cinye waɗannan, to, sana'ar ta tsaya sai an sake haɗa kuɗi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dabarun da irin wannan masunci yake ƙagowa da kayan da ke kusa da hannunsa don kada fatsarsa ta salwanta. Za a ga cewa dabarun duka sun ginu a kan tunani guda: masunci ba ya jayayya da ruwa, tun a tudu yake yanke shawarar abin da zai iya sallamawa da abin da ba zai iya ba.

2.0 Yankin da Ruwayensa

'Yankara gari ne a Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, dab da iyakar Jihar Zamfara. Ƙasar Faskari da maƙwabtanta irin su Ƙanƙara da Sabuwa ƙasa ce ta tudu da duwatsu, inda ƙoramu suke somawa. Gulbin Sakkwato kansa daga wajejen Funtuwa ya taso. Ruwan sama yakan sauka ne daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, a lokacin ƙoramu kan cika su yi gudu mai ƙarfi, idan rani ya yi kuwa sai su janye su bar gurabe nan da can.

Bayan gurabe da kududdufai, akwai madatsun ruwa da hukuma ta gina, kamar ta Mairuwa da ke kan wannan hanya ta Gusau, da ta Zoɓe kusa da Dutsin-ma wadda aka kammala a 1983, da ta Bakolori a Zamfara wadda aka kammala a 1978. Madatsa tana tara kifi, amma tana ɓoye kututture da rassan itatuwan da ruwa ya malale, waɗanda su ne manyan maƙiyan ƙugiya. Kifayen da aka fi samu a irin waɗannan ruwaye sun haɗa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da gaiwa.

3.0 Sassan Fatsa da Yadda Take Ɓata

Fatsa tana da sassa biyar: sanda, da zare, da abin da ke iyo a kan ruwa don nuna cewa kifi ya taɓa, da dalmar da ke nutsar da zare, sai ƙugiya wadda ake soka wa koto, kamar tana ko gara ko ɗan kwaɗo. Akwai kuma mamari, watau doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi masu yawa, wadda ake shimfiɗawa a ruwa a bar ta ta kwana.

Yana da kyau a bambance kalmomi biyu da rubutu ya haɗa su. Akwai gora, namiji, wanda ake samu daga duma, jam'insa goruna. Akwai kuma gora, mace, watau sandar nan mai gaɓa-gaɓa da rami a ciki. A aikin fatsa ana amfani da duka biyun: gorar ita ce sanda, goran kuwa shi ne mai ceton ta.

Hanyoyin ɓatan fatsa huɗu ne. Na farko, kifi ya fizge ta alhali mai ita ya ajiye ta ya juya baya. Na biyu, ƙugiya ta maƙale a kututture ko dutse. Na uku, ta suɓuce daga kwalekwale, ko ambaliya ta tafi da ita cikin dare. Na huɗu, ta ɓace wa mai ita a ido, ya rasa inda ya kafa ta. Kowace hanya da maganinta.

4.0 Dabarun Tsare Fatsa

4.1 Turke da Talala

Bahaushe ya san turke tun daga kiwon akuya, sai ya kai shi bakin ruwa. Akan fiƙe icce mai ƙwari a kafa shi a gaɓa, kansa ya karkata ga tudu, domin duk jan da zai zo daga ruwa ya ƙara danna shi cikin ƙasa maimakon ya tuge shi. Sai a ɗaura igiya daga gindin sandar fatsa zuwa turken, a ɗora tsakiyar sandar a kan 'yar gwafa don bakinta ya ɗaga sama.

Igiyar ba a ɗame ta, ɗaurin talala ake yi mata. Dalili kuwa shi ne fizgar farko ita ce take tsinka zare, amma idan kifi ya sami ɗan sarari ya ja sanda taku biyu ko uku kafin igiya ta miƙe, ƙarfinsa ya ragu. Wasu sukan yanko robar cikin tayar keke su sa ta tsakanin igiya da turke, ta riƙa miƙewa tana dawowa, kifi ya yi ta ja har ya gaji. Wanda ya kafa fatsa da yawa yakan rataya gwangwani mai 'yan tsakuwa a bakin kowace sanda, ƙararsa ta kira shi ko da duhu ya yi.

A cikin kwalekwale, jikin jirgin shi ne turke. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya ƙulla igiyar a wuyan hannunsa ko a ƙugunsa, musamman yaro, domin babban kifi ko ƙarfin ruwa yana iya jan sanda da mai ita gaba ɗaya.

4.2 Gora da Totuwa

Dabara ta biyu ita ce a tabbatar cewa ko da fatsa ta faɗa ruwa ba za ta nutse ba. Akan sami ƙaramin goran duma busasshe, a toshe bakinsa da totuwa, a liƙe da kakin zuma ko kwalta, sannan a ɗaure shi da igiya mai tsawon kamu biyu ko uku a gindin sanda. A zamanin yanzu robar ruwan sha mai murfi, da 'yar jarka, da yankakken tsohon silifa sun shiga wannan aiki, saboda ba sa fashewa kuma ba a sayen su.

Hikimar da ke cikin wannan tana da bayani a ilmin kimiyya. Arkimidis, masanin nan na Girkawa da ya mutu a shekara ta 212 kafin Miladiyya, ya nuna cewa ruwa yana tura abin da aka nutsar a cikinsa sama da ƙarfi daidai nauyin ruwan da abin ya kawar. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan goran da cikinsa ke cin lita ɗaya zai iya riƙe kusan kilo ɗaya, bayan an cire nauyin kansa, wannan kuwa ya ishi sanda da dalmarta. Ita dalma ta fi ruwa nauyi fiye da sau 11, shi ya sa 'yar kaɗan take nutsar da zare, kuma idan an cika ta sai ta rinjayi abin iyon. Ita ma gorar sanda tana iyo ne saboda iskar da ke kulle tsakanin gaɓoɓinta, don haka masunci mai lura yakan naɗe duk inda ta tsage da zare, ya shafe da kaki.

Goran yana da wani amfanin kuma. Kifin da ya gudu da fatsa dole ya yi ta kokawa da abin da ke ɗaga shi sama, da ya sassauta sai goran ya ɓullo ya tona asirin inda yake. Mai fatsa sai ya bi a hankali ya ɗauko kayansa har da kifin.

Inda wannan hikima ta fi fitowa fili shi ne Argungu. A bikin kamun kifi na gulbin Matan Fada, wanda aka soma a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, masunci yakan shiga ruwa da homa da ƙaton gora. A kan goran yake kwanciya ya yi iyo, a cikinsa yake zuba ƙananan kifi. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Ƙaramin goran da ke gindin fatsa a bakin gurbi ƙane ne ga wancan.

4.3 Sallama Ƙugiya Don Tsira da Sanda

Wannan ita ce dabarar da ta fi nuna zurfin tunanin masunci. Ba ya yin zarensa da kauri ɗaya daga sama har ƙasa. Uwar zaren takan zama mai ƙwari, amma ɗan guntun da ke riƙe da ƙugiya sai a sa siriri. Idan ƙugiya ta maƙale a kututture aka ja da ƙarfi, wurin da zai tsinke an riga an zaɓe shi: ƙugiya ɗaya ta tafi, sanda da zare da dalma su dawo. Haka ake yi wa mamari, kowace ƙugiya da nata siririn zare, don kada guda ɗaya ta jawo asarar ɗari. Dutsen da ake nutsar da ƙarshen mamari ma da igiya marar ƙwari ake ɗaure shi, in ya ƙi fitowa a bar wa ruwa, tun da dutse ba saye ake yi ba.

4.4 Shaida da Cigiya

Abin da ya yi iyo yana iya tafiya nesa, ya faɗa hannun wani. Saboda haka masunci yakan yi wa kayansa shaida, kamar yadda makiyayi yake yi wa dabbarsa: tsaga biyu ko uku a gindin sanda, ko zane da wutar ƙarfe a jikin gora, ko ƙyalle mai launi. Farin ƙyalle ko farar roba ya fi saurin ganuwa da asuba. Wurin da aka kafa mamari kuma akan auna shi da abubuwa biyu da ba sa motsi a tudu, alal misali kuka da wani dutse, domin ruwa ba ya riƙe sawu.

Shaida tana aiki ne saboda al'ada ta tsaya mata. A garuruwan da ke da Sarkin Ruwa, gare shi ake kai ƙarar kayan su. A fiƙihun Malikiyya kuma, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, tsintuwa akan yi cigiyarta har shekara guda. Abin sha'awa shi ne, a 2018 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wasu ƙa'idoji da ke kira ga ƙasashe su riƙa sa wa kayan su alamar mai su, don rage waɗanda ake bari a teku.

4.5 Lalubo Abin da Ya Nutse

Idan duk wannan bai hana ba, sai a koma ga ƙugiyar rijiya, mai yatsu da yawa, wadda ake ciro guga da ita. Akan ɗaura mata doguwar igiya a jefa gaba da inda fatsar ta nutse, a jawo a hankali ta ƙasan ruwa, a sake jefawa gefe kaɗan, har ta kamo zare. Amfanin wannan shi ne mutum yana tsaye a tudu. Nutso a madatsa ko kududdufi don neman fatsa kasada ce babba, saboda laka tana riƙe ƙafa, rassa suna riƙe riga, ƙugiyoyin mamarin wani kuma ba su san bambancin kifi da mutum ba. Ran mutum ya fi gaban a musanya shi da sandar gora.

5.0 Sauye-sauyen Zamani

A da, igiyar rama da ta ɓawon kuka ake amfani da su, idan sun ɓata a ruwa sai su ruɓe. Zaren nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, ya kawar da su saboda ƙwari da arha. Amma nailan ya ɗan fi ruwa nauyi, yana nutsewa, kuma yakan yi shekaru bai ruɓe ba. Mamarin nailan da ya ɓata yana ci gaba da kama kifin da ba mai ci, yana kuma sarƙe ƙafar shanu da ta yara masu wanka. Ke nan tsare fatsa a yau ya wuce maslahar mai ita kaɗai, ya shafi duk mai amfani da ruwan.

Haka kuma matsalar 'yan fashin daji da ta addabi ƙasashen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a shekarun nan ta sa kwana a bakin ruwa ya zama haɗari. Wanda dole ya kafa kayansa da la'asar ya koma gida sai gari ya waye, ba shi da mai gadi sai turke da gora da shaida.

6.0 Kammalawa

An ga dabaru biyar: ɗaurewa, da sa iyo, da sallama ƙugiya, da yin shaida, da lalube daga tudu. Babu wadda take bukatar abin da ya fi ƙarfin talaka, kuma huɗu daga cikinsu tun kafin a jefa ƙugiya ake shirya su, daidai da karin maganar nan da ke cewa rigakafi ya fi magani. Yayin da roba take maye gurbin duma, nailan yake maye gurbin rama, sunayen tsofaffin kayan da na ƙulle-ƙullensu suna bin su a hankali. Aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa su zauna da tsofaffin masuntan Mairuwa da Zoɓe da sauran wurare, su rubuta waɗannan kalmomi daga bakin masu su.