Hoton gem ɗin yaronki ya baje a sabuwar talabijin? Kada ki kira mai gyara tukuna

Uwargida, wataƙila kin taɓa ganin haka a falonki. An kawo sabuwar talabijin ta bango, yaro ya jona PlayStation 2 ɗin da kawunsa ya bar masa, sai ga 'yan ƙwallo duk sun koma gajeru masu ƙiba, ita kanta ƙwallon ta zama kamar ƙwai. Ko kuma hoton ya takure a tsakiya, da baƙin fili hagu da dama. Abin da zai fara zuwa ranki shi ne yaron ya taɓa wani abu ya ɓata talabijin. Ki dakata da faɗan, ki kuma bar kuɗin mai gyara a jakarki. Babu abin da ya lalace.

Maganar ta fasali ce. Tsohuwar talabijin mai ƙeya, in faɗin fuskarta huɗu ne, to tsayinta uku ne, shi ake rubutawa 4:3. Ta yanzu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, 16:9. Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 2 a shekarar 2000, lokacin da mai ƙeya ce a yawancin gidajen duniya, don haka akasarin wasanninsa da ita aka auna su. In sabuwar talabijin ta karɓi irin wannan hoto, ko dai ta bar shi yadda yake gefe-gefe su zauna baƙi, ko ta ja shi da ƙarfi ya cika allo. Jan nan yana ƙara faɗin komai da kashi ɗaya cikin uku, kamar zanen da ke jikin rigar roba in mai jiki ya sa ta.

Wasu tsofaffin wasannin sun yi hangen nesa. GoldenEye 007 na Nintendo 64 tun 1997 yake da zaɓin 16:9, haka ma wasan tseren motoci Gran Turismo 4 a PlayStation 2. Dabararsu ita ce na'urar ta matse faffaɗan hoto cikin tsohon ma'auni, talabijin kuma ta buɗe shi ya dawo daidai. A nan ake yawan yin kuskure, domin sai ɓangarorin biyu sun yarda da juna. In an saita wasan a 16:9 aka bar talabijin a 4:3, mutane za su fito sirara dogaye. In aka yi akasin haka, ga masu ƙibar nan.

Daga Xbox 360 na 2005 da PlayStation 3 na 2006 faffaɗan allo ya zama ƙa'ida, shi ya sa mai PlayStation 4 ko Nintendo Switch bai san wannan ciwon kai ba. Wii na 2006 yana iyawa, amma sai an faɗa masa a saitinsa.

To ki zauna da yaron minti biyar. Ku fara shiga Options na cikin wasan kansa, ku nemi inda aka rubuta Widescreen ko 16:9. PlayStation 2 yana da nasa saitin na Screen Size, amma wasanni da dama ba sa kula shi, don haka kada ku tsaya a can. In kun samu zaɓin, ku kunna, sannan ku sa talabijin a 16:9 ta maɓallin Aspect ko Picture Size na rimot. In babu, ku mayar da ita 4:3 ku haƙura da baƙin gefen.

Na san zai yi ƙorafi, yara ba sa son ganin allo bai cika ba. Ni dai a ganina hoto mai gefe baƙi ya fi bajajje. Ki hana shi Zoom kuma, domin yana yanke sama da ƙasa, inda galibi ake nuna maki da lokaci.

In ya ce a saya masa 'yar na'urar da ke mayar da waya zuwa HDMI, ki sani za ta iya rage dishi-dishin hoto, kuma tana da amfani in talabijin ɗinki ba ta da ramukan nan na rawaya, fari da ja. Amma wasan da aka zana a 4:3, ba za ta ƙara masa faɗi ba.