Shin Ko Kun San? A Alexandria Ake Auna Masu Gashin Ƙashi na Amurka

Wanda ya taɓa kai mai shanyewar ɓarin jiki sashen gashin ƙashi ya san irin aikin da ake yi a wurin: a miƙe wannan gaɓa, a lanƙwasa waccan, a yi ta lallashi har ƙafa ta yarda ta taka ƙasa. Amma wane karatu masu wannan aiki suka yi? Ga yadda abin yake a Amurka.

Shin ko kun san akwai wani gari Alexandria wanda ba Iskandariyar Masar ba? Yana jihar Virginia, a bakin kogin Potomac, dab da birnin Washington. An kafa shi a 1749, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa sun kusa 160,000. A nan ne hedikwatar APTA take, wato ƙungiyar likitocin gashin ƙashi ta Amurka. A nan kuma ake samun hukumar da ke tantance makarantun wannan fanni, da wadda ke shirya jarrabawar ƙasa. Duk wanda ke wannan sana'a da lasisi a Amurka, sai da lamarinsa ya bi ta wannan gari.

Shin ko kun san yaƙi ne ya raini sana'ar a can? A Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar sojan Amurka ta ɗauki mata don su taimaka wa sojojin da suka dawo da karaya da guntulallun gaɓoɓi. Jagorarsu Mary McMillan, wadda ta yi karatu a Liverpool ta Ingila, ta kama aiki a asibitin soja na Walter Reed, wanda a lokacin yake Washington, a 1918.

Shin ko kun san mata zalla ne suka kafa ƙungiyar? A 1921 aka yi haka, da mambobi 274, McMillan ce shugaba ta farko. Sai a 1922 aka sauya suna aka buɗe wa maza ƙofa. Har yau mata ne suka fi yawa a aikin. Bayan yaƙi kuma, cutar shan inna ce ta ƙara wa sana'ar kasuwa, kafin allurar rigakafin Salk ta fito a 1955.

Shin ko kun san sai da digiri biyu ake zama cikakken likitan gashin ƙashi a can? Ɗalibi zai fara yin digirin farko na shekara 4, yawanci a ilimin halittu ko kimiyyar motsa jiki, sannan ya ƙara kamar shekara 3 ya samu digirin DPT, wanda ke ba shi laƙabin dakta. Jami'ar Creighton ta jihar Nebraska ce ta yaye rukunin farko a 1996, kuma tun daga 2016 duk makarantar da aka tantance wannan digiri take bayarwa. A kewayen Alexandria akwai Jami'ar Marymount ta Arlington, da George Washington da Howard a cikin Washington.

Shin ko kun san karatun ba na allo kaɗai ba ne? A makarantu da dama ɗalibi kan feɗe gawa don ya ga jijiya da tsoka da idonsa. Dole kuma ya yi aƙalla mako 30 yana aiki a asibiti ƙarƙashin wani gwani. A nan zai koyi riƙe ma'aunin kusurwa, wani ɗan faifan roba mai hannu biyu da ake ɗorawa a gefen gwiwa. Mara lafiya na kwance yana cije leɓe, ana tura diddigensa baya a hankali, a karanta lamba a rubuta. Idan ya dawo mako mai zuwa, lambar ce za ta faɗi ko an ci gaba.

Shin ko kun san digiri kaɗai ba ya ba mutum damar taɓa mara lafiya? Sai ya ci jarrabawar ƙasa ta NPTE, wadda ake kwashe kimanin awa 5 ana yi a kwamfuta. Makin ƙoli 800 ne, ana neman 600. Sau 6 kacal aka yarda mutum ya gwada a rayuwarsa. Lasisin kuwa jiha ce ke bayarwa, kuma a Virginia sai an yi awa 30 na ƙarin ilimi duk shekara 2 kafin a sabunta shi.

Shin ko kun san ba duk mai rigar aiki a asibitin ne likita ba? Mataki uku ne. Akwai likitan, wanda ke duba mara lafiya ya tsara magani. Akwai mataimakinsa mai lasisi, wanda ya yi karatun shekara 2, irin wanda ake yi a kwalejin Arewacin Virginia da ke Springfield. Shi ke tsayawa a kan atisaye, amma ba shi ke tsara maganin ba. Sai ɗan aike, wanda ke sauya zanen gado, ya goge na'ura, ya tura keken guragu. Shi ba shi da lasisi, a bakin aiki yake koyo. Da yawa daga cikinsu ɗalibai ne masu neman gogewa kafin su nemi gurbin karatu, da ma da rarrafe yaro kan tashi.

Shin ko kun san haruffan da ke bayan suna a jikin baji suna da ma'ana? PT likita ne, PTA mataimaki. OCS na nufin gwanin ƙashi da gaɓoɓi, SCS kuma gwanin raunin 'yan wasa. Fannonin ƙwarewa suna da yawa, ciki har da na yara, tsofaffi, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, zuciya da huhu, da masu ciwon daji.

Shin ko kun san wanda ya yi karatu a Najeriya ma sai takardunsa sun bi tantancewa? Ɗaya daga cikin manyan hukumomin da ke auna karatun baƙi, FCCPT, a Alexandria take. Za a jera darussan da ya yi a gwada da na Amurka, inda aka ga giɓi a ce ya cike, sannan ya zauna jarrabawa kamar kowa.

Shin ko kun san mu ma muna da namu tarihin? A 1945 Turawan Ingila biyu suka fara wannan aiki a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, yau kuma Jami'ar Bayero ta Kano na cikin masu yaye ɗalibai, hukumar MRTB na ba su lasisi. Don haka ko a Dala ta Kano ne ko a Virginia, kafin a miƙa wa wani ƙafar tsohuwa ko bayan maigida, babu laifi a tambaye shi: Malam, wane karatu ka yi, kuma ina lasisinka?