Baƙo a Buɗaɗɗiyar Duniya: Shawarwari ga Sabon Ɗan Wasan Zelda

Duk wanda ya taɓa leƙa gidajen gem a Haɗeja ko Malam Madori ya san cewa wasan ƙwallon ƙafa ne ya fi cin kasuwa. Mutum biyu su zauna, a fafata na minti goma, a tashi, wasu su karɓa. Akwai kuwa wani nau'in wasan bidiyo da ya sha bamban da wannan ƙwarai, wato wanda ake kira mai buɗaɗɗiyar duniya. A cikinsa ɗan wasa yakan shiga rigar wani jarumi, a sake shi cikin ƙasa mai faɗi, mai duwatsu da koguna da ƙauyuka, ba tare da an shata masa hanya ɗaya tilo ba. Shi zai zaɓi inda zai nufa, ya nemi abinci da sutura da makami, ƙarfinsa na ƙaruwa sannu a hankali. Daga cikin fitattun wasannin wannan rukuni akwai Skyrim na 2011 da The Witcher 3 na 2015, amma su biyun an yi su ne don manya. Wanda za mu tattauna a kansa, The Legend of Zelda: Breath of the Wild, hukumar tantance wasanni ta Turai ta amince da shi ga 'yan shekara 12 zuwa sama.

Kamfanin Nintendo da ke birnin Kiyoto na ƙasar Japan ne ya fitar da shi ranar 3 ga Maris, 2017, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Ana yin sa a na'urar Switch, wadda ake riƙewa a hannu, tana aiki da batir, wasan kuma ba ya bukatar intanet. Labarinsa tatsuniya ce: wani saurayi mai suna Link ya farka daga barcin shekara 100, ya tarar wani dodo, Ganon, ya rusa masarautar Hyrule, gimbiya Zelda kuwa tana can cikin fada tana tsare shi. Ya kamata iyaye da malamai su sani cewa, kamar sauran tatsuniyoyin irin wannan, akwai tsafi da gumaka a cikin labarin.

Na fara ganin wasan ne a Birniwa, a hannun wani ɗan yayana da ke ajin ƙarshe na sakandare, wanda wansa ya zo masa da na'urar daga Kano lokacin hutu. Kafin awa guda jaruminsa ya mutu ya fi sau goma: sanyi ya kashe shi, ya faɗo daga dutse, ya nitse a kogi. Yaron ya ajiye na'urar, ya ce wasan ba shi da kan gado. Ni kuwa da nake kallo ta bayan kafaɗarsa, sai na ga kowace mutuwa tana da sanadin da ke rubuce a littafinsa na kimiyya.

Dokokin da aka gina wasan a kansu

A wani taron masu ƙera wasanni da aka yi a Amurka cikin Maris 2017, shugaban aikin, Hidemaro Fujibayashi, da injiniyansa Takuhiro Dohta, sun bayyana yadda suka tsara wannan duniya. Maimakon su rubuta wa kwamfuta abin da zai faru a kowane lungu, sai suka ba ta dokoki kaɗan waɗanda ke aiki ko'ina. Rukuni na farko ya shafi motsi, wato nauyi da faɗuwa da karo, abin da muke koyarwa a darasin Fiziks. Rukuni na biyu suka kira shi Kemistiri. A ciki suka raba abubuwa gida biyu: masu tasiri, irin su wuta da ruwa da ƙanƙara da iska da lantarki, da kuma kayayyaki, irin su itace da ƙarfe da dutse. Mai tasiri yana iya sauya halin kaya, kamar yadda wuta ke cin itace. Yana iya sauya halin ɗan'uwansa, kamar yadda ruwa ke kashe wuta. Amma kaya ba ya sauya halin kaya.

Amfanin sanin wannan ga sabon ɗan wasa shi ne, abin da ya gwada sau ɗaya ya ga ya yi aiki, zai yi aiki a duk faɗin ƙasar. Saboda haka shawara ta farko ita ce ya riƙa lura, ya yi hasashe, ya gwada, kamar yadda ake yi a ɗakin gwaje-gwaje.

Tudun farko

Wasan yana farawa a kan wani faffaɗan tudu wanda ba a iya sauka daga gare shi sai an kammala ɗakunan gwaji guda 4. Kada mai karatu ya yi gaggawar barinsa, domin makaranta ce. A kowane ɗaki ana ba jarumi wata baiwa: maganaɗisu mai ɗaga ƙarfe, bama-bamai, ikon tsayar da abu cak na ɗan lokaci, da ikon fitar da ginshiƙin ƙanƙara daga ruwa. Ɗaya daga ɗakunan yana kan dutse mai dusar ƙanƙara, inda sanyi ke cin ran jarumi kaɗan-kaɗan. A nan ɗan yayana ya fi wahala. Magani kuwa yana da yawa: a dafa barkono a tukunya a ci, ko a riƙe itace mai ci da wuta, ko a samo rigar sanyi daga wani tsoho da ke zaune a tudun. Wani ɗakin kuma yana hayin wani rami mai zurfi, sai an sare bishiya ta faɗa a kansa ta zama gada. Bayan an gama ne tsohon zai ba da laimar sauka, wadda da ita ake shawagi daga bisa zuwa ƙasa.

Daga nan ƙofa a buɗe take. Wanda ya ga dama yana iya miƙewa fadar Ganon nan take da zukata 3 kacal, wato ma'aunin ransa, sai dai ba zai ji da daɗi ba. A wasan asali akwai ɗakunan gwaji 120, kuma duk guda 4 da aka kammala ana musanya ladansu da ƙarin zuciya ɗaya ko ƙarin juriya. A ganina baƙo ya fara da juriya, domin da ita ake gudu da iyo da hawan dutse da riƙe laima, kuma yawancin mutuwar farko ba ta faɗa ba ce, ƙarewar numfashi ce a tsakiyar kogi ko a jikin dutse.

Taswirar wasan takan zo fanko. Akwai hasumiyoyi 15, kowace aka hau sai yankinta ya bayyana da layukan da ke nuna tudu da kwari, irin waɗanda ake koyarwa a darasin Labarin Ƙasa. Amma taswirar ba za ta nuna inda abubuwa suke ba. Sai mutum ya tsaya a bisa, ya duba da idonsa, ya sa alama. Yaron da ya tashi a jigayin Birniwa, wanda ya saba gane hanya da kuka ko tsamiya ko layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, ba sai an koya masa wannan ba. Shi ma Fujibayashi ya ce da taswirar garinsu Kiyoto ya auna nisan wurare, don tafiyar ta yi daidai da abin da ƙafa ta sani.

Wuta da iska

Idan aka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta a wasan, takan bi inda iska ta nufa, don haka a tsaya ta inda iskar ke fitowa. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, in jarumi ya yi tsalle ya buɗe laimarsa a kan wutar, sai ya tashi sama. Wannan yana da tushe. Iskar da ta yi zafi takan buɗe, nauyinta a kowane ma'auni ya ragu, sai mai sanyi da ke kewaye ta tura ta sama. Duk wanda ya ga ana ƙona daji da kaka a fadamun kogin Haɗeja ya ga shirwa na kewaya saman hayaƙin, tana farautar fara da sauran ƙwarin da wuta ta kora. Ita da ungulu sukan hau irin wannan iska mai tashi, su daɗe a sama ba su kaɗa fiffike ba. Inda wasan ya yi ƙari shi ne ƙarfin abin, domin 'yar wutar ciyawa ba za ta ɗaga mutum ba.

A gefen allo akwai ma'aunin zafi da na ƙarar motsi da hasashen yanayi. Sababbin 'yan wasa ba su cika kallonsu ba, alhali suna da muhimmanci. In ruwa ya sauko dutse yakan yi santsi, kamar yadda yumɓun fadama ke yi da damina, saboda ruwa yana rage gogayya tsakanin tafi da abin da aka taka. Hawa a lokacin ɓarnar juriya ce. Gara a fake ƙarƙashin dutse, a hura wuta, a zauna har gari ya waye. A hamadar wasan kuma rana ƙuna ce, dare sanyi, domin busasshiyar iska da sararin da ba girgije ba sa riƙe zafin da yashi ya sha. Mu da muka san daren hunturu ba mu bukatar dogon bayani.

Tsawa: inda bai kamata a yarda da wasan ba

Idan hadari ya taso a wasan, duk ƙarfen da jarumi ke ɗauke da shi zai fara tartsatsi, in bai cire shi ba tsawa ta faɗa masa. Dabara ita ce a sauya zuwa makamin itace, ko a jefa takobin ƙarfe tsakiyar abokan gaba a bar sama ta yi aikinta. A wasa wannan daidai ne. A zahiri kuwa kuskure ne mai haɗari ɗalibi ya ɗauka cewa in ya yar da fartanya ya tsira. Ƙarfe yana ba lantarki hanya in tsawar ta riga ta faɗo, amma ba shi ne ke kiranta daga sama ba. Abin da ta fi faɗa wa shi ne abu mai tsawo da ke tsaye shi kaɗai. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, manomi a tsakiyar gonar riɗi, ko masunci a kan ruwa, ko makiyayin da ya fake ƙarƙashin bishiya ɗaya tilo, shi ne wannan abu, ko yana riƙe da ƙarfe ko ba ya riƙe. Mafaka ta gaskiya ita ce cikin gini sosai ko cikin mota mai rufin ƙarfe. Ana iya auna nisan hadarin: sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, don haka duk daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da rugugi kimanin kilomita ɗaya ke nan. Wanda yake jin rugugin, komai nisansa, lokacin neman mafaka ya yi.

Girki da makamai

Tukunya tana ɗaukar kayan haɗi har 5. Ɗanyen tuffa yana mayar da rabin zuciya, dafaffe kuwa cikakkiya. Wasu kayan suna da tasiri na musamman, kamar maganin sanyi ko ƙarin sauri, amma in aka haɗa masu tasiri iri biyu a tukunya ɗaya, duka biyun sun lalace. Hanya mafi sauƙi ta gane aikin kowane ita ce a sauya abu ɗaya kawai a kowane girki, a rubuta sakamakon. Ɗalibin kimiyya ya san sunan wannan.

Makamai kuwa karyewa suke yi, har masu kyaun. Wannan yana ɓata wa mutane da yawa rai, ni ma ban ce ina sonsa ba, amma ɓoye takobi mai kyau don wata rana asara ce. A yi amfani da shi, wani na gaba. Launin maƙiyi yana nuna ƙarfinsa: ja ne mafi rauni, sai shuɗi, sai baƙi, sai mai ruwan azurfa. In an haɗu da dodon nan mai jikin doki da kan zaki, ko injin nan mai ƙafafu da ke auna mutum da jan haske, gudu ba abin kunya ba ne. Lokaci-lokaci kuma wata yakan yi ja da tsakar dare, duk maƙiyan da aka kashe su dawo. A labari aikin Ganon ne, a wajen na'ura kuwa dama ce ta share tarin bayanan da ta riƙe, ta mayar da duniyar yadda take.

Kwana ɗaya a Hyrule minti 24 ne a agogonmu, kuma wasan ba shi da busar tashi irin ta ƙwallo, don haka awa uku takan wuce mutum bai sani ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, wato idan ya rinjayi karatu da barci da hulɗar mutum na tsawon kimanin shekara. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ya yanke wa kansa lokaci tun kafin ya kunna. Batirin samfurin farko na na'urar yakan ƙare cikin kimanin awa 3 da wannan wasa, wanda a garin da wutar lantarki ba ta zama ba, shi kansa wani mai tsawatarwa ne.

Ga malamin Fiziks kuma, akwai tambayar da na yi wa ɗan yayana bayan ya koma wasan ya ƙware, wadda ta hana shi sakat kwana biyu. Link yana tsaye wuri ɗaya ya ɗaga ƙofar ƙarfe da ta ninka shi nauyi sau da yawa ta hanyar maganaɗisu, ko gezau bai yi. Bisa doka ta uku da Isaac Newton ya wallafa a 1687, in maganaɗisu ya ja ƙarfe, ƙarfen ma yana jan sa da ƙarfi daidai wa daida. To, a zahiri, wane ne zai tashi ya nufi wani, ƙofar ko yaron? Ana iya gwada amsar a aji da ɗan maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo da kan gatari.